Ba Iska Ba Ta, Wiwi Na

Bismillahi. Adawiyya, Ismail, ni ta innarku Lami. Da hankalina garau nika rubuta wanga cikin waya, ciwon ƙoda bai taɓa min kai ba. Likita ya bar kallon idona, na gane. Na tura ma Anti Monica ta asibiti, ta aje muku har ku iya karatu.

1. Wayata ta Adawiyya ta. Akwai bidiyon babanku Zayyanu shina waƙa cikin gonar albasa bakin gulbin Rima, tun shina lahiya. In waya ta cika, goge nawa na TikTok, duk shirme na. Nashi kar ki taɓa.

2. Injin ban ruwa na Ismail na. Amma ɗana, can hwadama anka hwara ba babanka wiwi, wai in ka busa ba ka jin rana. Kuma wallahi ya yi aiki kamar mutum ukku, har yabonai nike. Damina biyu, sai ga shi shina hira da bango. Yanzu Goronyo har yaran da ba su yi gemu ba suna busawa. Ban san yadda za ka tsira ba, ban sani ba. In noman sai da ita, saida injin.

3. Ku shirya da Baffa Attahiru, ni na kasa. Shi yac ce iska ta, yak kai ƙanenai wani gidan mari wajen Shinaka, don iska ba ta zubda mutuncin gida. Ni da Monica mun taɓa kai baban naku asibitin ƙwaƙwalwa. Ya ji sauƙi, har ya ce Lami kin rame. Muna sauka tasha abokanai na jira da wiwi. To kun ga nawa ma bai yi ba. Ku gaida Baffa, amma in ya ce iska, ku ce wiwi.

4. Babanku na nan da rai can gidan marin, da sasari ga ƙahwa. Ku riƙa zuwa ko bai gane ku ba. Tsoron guba shikai, don haka in kun kai hura, ku hwara sha gabanai shi gani.

Allah shi yi muku albarka, shi tsare min kawunanku. Kar ku yarda a raba ku gida biyu. In an tambaye ku ku nawa kunka rage, ku ce ukku.