Rahama Ta Dawo Daga Khartoum

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, na san takardar nan ba za ta iso hannunka ba, babu kuma mai karanta maka ita. Amma labari ne cike da bakina, kai ne kuwa ya kamata ka fara ji.

'Yarmu Rahama ta dawo, shekaranjiya da la'asar, da ƙafafunta.

Ka tuna da za ta tafi Khartoum karatun jinya, na ce ya yi nisa? Ka ɗauko taswirar da kake koyarwa da ita a firamare, ka shimfiɗa a tabarma, ka ce daga Kano bai cika awa huɗu a jirgi ba, wanda ya tashi da hantsi a can zai yi la'asar. Na yarda. Ba ka gaya min jirgi yana iya daina tashi ba. Kai ma ina ka sani?

Ina ɓarar gyaɗar iri ƙaninka Sani ya shigo da rediyo a hannu, ya ce yaƙi ya ɓarke a Khartoum, an rufe filin jirginsu. Wayarta ta daina shiga. Kullum sai na je gindin tsamiyar bakin gonarka, inda waya ta fi kamawa, in yi ta kira. Sai bayan kwana tara ta kira ni da wayar wata, ta ce ita da sauran ɗalibai suna cikin mota a hamada, sun nufi iyakar Masar. A iyakar suka yi kwanaki zube a ƙasa, su uku suna raba ruwan gora ɗaya. Daga baya jirgi ya kai su Abuja, mota ta kawo ta Kano, Sani ya tarye ta a tashar Ɗambatta. Sati uku cur.

Ta rame, ta yi baƙi. Ba ta taho da komai ba sai takardunta da ta ɗaure a ƙugu. Amma ta ci tuwo malmala biyu, har ta ce miyar ta yi gishiri.

Akwai abin da na ɓoye maka, Malam. Bara, da ciwo ya kwantar da kai, ka ce in kira ta ta zo, na ce maka na kira, tana hanya. Ban kira ba. Tana tsakiyar jarrabawa, ni kuma na ɗauka za ka tashi, kuma ai kusa ne. Ka yi ta duban ƙofa har ranar da ka cika. Ka gane ƙarya na yi? Shi ya sa ka daina tambaya?

Da wayarta ta ɗauke, na zaci alhakinka ne ya kama ni. Jiya na gaya mata komai. Ta yi kuka sosai, sannan ta kama hannuna ta ce ta yafe, kuma ta san halin babanta, da ya ji dalili shi zai fara hana a kira ta. Haka ne? Ina so in yarda.

Ruwan shuka ya sauka, mun zuba gero. Rahama za ta nemi ƙarasa karatunta a Kano. Yau ita ta tashe ni sallar asuba, don rabona da barci irin wannan tun cikin azumi.

Ka yafe min. Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu da alheri.

Matarka,
Hauwa'u, daga gidanka na Makoɗa