Kanyar Baba

Asabar, 13 Janairu 2024
Na je Augie na sa an kaɗe kanyar gonar Baba. Ita kaɗai ta rage a fadamar. Na ce a sa sanda a kaɗe har ƙololuwa. Kawu Tamba, maƙwabcin gonarmu, ya ce, “Sadatu, sama rabon tsuntsu ne. Ubanki bai taɓa taɓa shi ba.” Na ce camfi ne, tsuntsu ya yi mini noma? A gaban mutane na faɗa. Dattijo ya juya ya tafi.

Lahadi, 14 Janairu
An kai buhunan kasuwar Argungu. Bakina dai, Allah ya shirye shi.

Laraba, 19 Yuni
Ƙanena Maliki ya bugo ina ofis: iskar jiya ta kayar da kanyar. Ashe cikinta duk rami. Baba ya bar mini abu guda, a hannuna ya ƙare. Ko ƙwaya ban aje ba, ni da na sayar da ita kakaf. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Asabar, 20 Yuli
Na je ganin kututturen. A hanya, gindin gawon Kawu Tamba inda cilakowa ke sauka, sai ga ’yan kanya sun tsiro cikin kashin tsuntsu, ganye jajaye-jajaye. Wato kafin in zo da sandunana tsuntsaye sun riga sun ci nasu, sun kai can sun shuka. A gonarshi kuwa! Duk faɗin fadama. Na tsaya kamar wadda aka watsa wa ruwa. Ban iya sallama ba, na wuce.

Lahadi, 21 Yuli
Maliki ya ce in je in roƙi ’yan kanyar. Da wace fuska?

Lahadi, 28 Yuli
Na je. Na durƙusa, na gaida shi, na sake gaida shi. Shi ya ɗauko fartanya da kanshi. Ya ce, “Ki haƙa da zurfi, ɗiyata, saiwar kanya ba ta son a yanke ta.” Ko kalma bai tada ba kan abin da na faɗa mishi a Janairu, kuma wallahi gara da ya zage ni.
Biyu ya ba ni. Ya ce kafin su yi ’ya’ya shi ya daɗe a ƙasa, ƙila ni ma na yi furfura. Na ce to wa zai gaya wa yarana inda sanda ke tsayawa in ana kaɗar kanya?
Ya ce, “Ke mana.”