Ba Namu Ba

Litinin, 7 ga Oktoba
Cikina wata shida ke nan. Ƙafafuna sun kumbura, takalmin aiki ya ƙi shiga. Inna ta kira daga Maradi, wai in Allah ya sauke ni lafiya a sa wa ɗan suna Ajuji, tunda biyu sun koma. Na ce Inna, ɗana ba na juji ba ne, mutuwa kuma ba a yi mata wayo da suna. Na kashe waya. Ban kyauta ba, amma na gaji.

Laraba, 9 ga Oktoba
Garin Sedgefield, gidan Madam Nenasheva, tsohuwar 'yar Rasha da nake jinya. Yau surutun sunaye ta tasa ni da shi ina yanke mata farce. Wai a ƙasarsu Kuznetsov zuriyar maƙeri ne, Popov zuriyar limamin coci. Ni dai "to" nake ta cewa, bayana kamar zai ɓalle.

Talata, 15 ga Oktoba
Mijina Maazou ya shigo da gadon jariri. Na sa ya mayar da shi mota. Na ɗana marigayi Kader har yanzu yana gareji, kwana tara kawai ya kwanta a ciki.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Don ta ci abinci na tambayi tsohuwa ma'anar nata sunan. Ta ce "ba namu ba." Wai a da, in 'ya'ya suna ta mutuwa, sai uwa ta kira sabon jariri haka, ko mummuna, ko wanda ba a so, don abin da ke ɗauke su ya wuce bai kula ba. Ikon Allah, ashe su ma suna da wabi. Na ce ai camfi ne. Ta kalli cikina ta ce, "Wataƙila. Amma wanda aka fara kira haka ya rayu, ga ni nan shekara tamanin da bakwai."
Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kar ta ji ni.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Tun asuba ɗan cikina bai motsa ba. Na tuƙa mota zuwa asibiti, ban gaya wa kowa ba. A jar wutar titi na ji bakina yana cewa, Ajuji, tashi mana, ba mai son ka, tashi.
Zuciyarsa na bugawa, likita ta ce barci yake.
Ban yarda da abin ba har yanzu. Na dai kira Inna, na ce ta sake faɗa mini yadda ake yi.