Mai Wanke Kofunan Ranar Alhamis

Sanaiya, Doha

Zuwa ga Yaya Habibatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Gusau.

Yaya, kin san ni. Da jaka ɗaya na sauka ƙasar nan. Ni na koya wa kaina fentin mota, ni na buɗe gareji, ni na gina wa Inna gida, ban taɓa cewa wani ya kama mini ba. Shi ya sa da Nafeesa ta yi yaji ta koma gidan ubanta saboda giya, na ce khalas, shi ke nan, ni kaɗai zan daina. To, abin ya fi ƙarfina.

Likitan da ya duba hantata ya ba ni wata lamba. Ashe akwai masu zama kowace Alhamis da yamma, duk mashaya ne masu neman dainawa. Sai da na yi ta zagaya ginin a mota kafin na shiga, cikin babbar riga. Na fara cewa ni ne Alhaji Ja'afaru mai gareji, sai wani dattijo ɗan Sudan, Babikir, ya ce Ja'afaru ma ya isa. Na ga butar shayinsu ta tsufa, na ce zan sayo sabuwa da kujeru. Suka ce ba sa karɓar babbar kyauta, amma suna neman mai wanke kofi. Ni fa!

Na gode wa Allah, tun ranar ban sha ba. Ki je mini biko wurin Baba, mahaifin Nafeesa.

Ƙanenki,
Ja'afaru

Gusau

Ja'afaru,

Bayan gaisuwa. Na yi dariya har da hawaye. Kai da ko cokali ba ka taɓa ɗaurayewa a gidanmu ba!

Na je. Surukinka ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce ya gaji da alkawarin baki. A kawo masa takarda mai hatimi daga wurin, ko hotonka a cikinsu. In babu, ka aiko wa 'yarsa takardarta kawai. Nafeesa tana bayan labule tana ji.

Allah ya tsare.
Yayarka ta ce in gaishe ka, wato ni,
Habibatu

Sanaiya, Doha

Yaya,

Ina gaisuwa. Takarda dai babu, hoto ma babu.

Na tambaya. Babikir ya ce, "Ɗan'uwa, a nan ba a rubuta kowa, ba a ɗaukar kowa. Wancan direba ne, wancan malamin makaranta. Hotonka ɗaya zai iya raba su da aikinsu." Na ce aurena ne zai mutu! Ya ce ya sani, shi nasa ya riga ya mutu, kuma duk da haka a'a.

Na fice a fusace. Na tsaya a Corniche, bakin teku, ina kallon jiragen ruwa, kuma na san wanda zan kira a kawo mini giya. Sai waya ta yi ƙara. Babikir ne. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Yalla, taso, Ja'afaru, kofuna na nan a jibge, wa ka bar wa?" Na zage shi da Hausa, na juya mota. Na same su ba wanda ya tafi. Ina wanki, wani ɗan Indiya yana gogewa, ba wanda ya tambaye ni inda na je. Yaya, mutanen nan ban san sunan uban ko ɗaya ba, amma sun yi mini abin da ban iya yi wa kaina ba.

Ki faɗa wa Baba gaskiya: ba ni da shaida. Ya kira ni duk lokacin da ya so, ya ji muryata.

Naki,
Ja'afaru

Gusau

Ƙanena,

Albishirinka. Na karanta musu wasiƙarka. Nafeesa ta ɗaga labule ta ce, "Baba, Ja'afarun da na sani da ya buga takardar ƙarya a kasuwa ya aiko. Tunda ya ce ba shi da ita, zan koma." Bayan Sallah za ta taso.

Sai ga wani abu. Da zan fita, Baba ya raka ni zaure, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ɗansa Abass, wanda ke gadi a unguwar Mu'aither can Doha, shi ma ya faɗa shan giya. Baba yana son kwatancen wurin zaman naku. Na ce zan rubuta wa Abass in ce wani ne ya ba ni, don in rufa maka asiri.

Sai na ji daga gare ka.
Habibatu

Sanaiya, Doha

Yaya,

Alhamdu lillahi. Ki yi wa Nafeesa godiya, sauran zan faɗa mata da bakina.

Amma wane "wani"? Da kwatance kaɗai Abass zai yi ta zagaya ginin ne ya koma gida. Asirin sauran nasu ne, nawa kuwa ni ke da shi. Ki gaya masa ya shirya ranar Alhamis bayan la'asar, ni zan zo in ɗauke shi. Kuma ki rubuta sunana a wasiƙar, cikakke, da manyan baƙaƙe: Ja'afaru Zulkiflu.

Wassalam.