Ƙarar Babur a Ƙofar Gida

Muchalla, 9 ga Yuni

Hamma Mubashshir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Adda Sumayyat da yara. Yaya Yola, yaya aiki? Mu nan damina ta kankama, sai dai hankalina ba a kwance yake ba saboda Baba.

Ya daina shan maganin hawan jini. Wasu masu bincike ne suka zo asibiti a Mubi, suna gwada yadda zuciya ke yi idan mutum ya shiga matsi. Suka sa hannunsa cikin ruwan ƙanƙara, suka sa shi lissafi da sauri, suna awo. Sau biyu aka yi, jininsa bai wani motsa ba. Su dai sun ce ya ci gaba da magani, amma ka san Baba, abin da ya yi masa daɗi kawai yake ji. Ya sa takardar sakamakon a aljihun gaba, kowa ya zo sai ya nuna masa, wai zuciyar saurayi gare shi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana noma cikin ruwa, ƙanƙara za ta ba shi tsoro? Haba!

Ran Talata maƙwabciyarmu Roda, ma'aikaciyar jinya, ta shigo da na'urarta ta awon jini. Awon farko ɗari da talatin. Tana sake ɗaura masa sai wani babur ya tsaya a ƙofar gida. Hamma, ɗari da casa'in da biyar! Baba ya miƙe da abin a hannunsa yana kallon zaure. Mai kawo taki ne.

Sai a ranar na gane. Tun da Zubair ya fita acaɓa a shekarar gudu, lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwanmu, bai dawo ba, duk babur ɗin da ya tsaya, Baba shi yake jira. Mu mun yi kukan ɗan'uwanmu mun haƙura, shi ashe bai fara ba. Na ji kunya wallahi, ina gida ɗaya da shi ban lura ba.

Na roƙe shi ya koma shan magani, ya ce na'urar Roda ƙarama ce, ta asibiti ita ce babba. Kai yana jin maganarka, don Allah ka zo. In za ka zo ka sauka a bakin kasuwa ka tako da ƙafa, kada mai babur ya kawo ka ƙofa.

Ƙanwarka,
Juwairiya

Mubi, 2 ga Yuli

Hamma,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ba direba wannan takardar ne don na kira ka na kasa magana.

Na san aiki ne ya riƙe ka, ban yi fushi ba. Shekaranjiya da hantsi wani yaro ya tsaya da babur yana tambayar hanya, da jar hula irin ta Zubair. Baba ya taso daga tabarma da saurin da ban taɓa gani ba, kafin ya kai zaure ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Muka kawo shi Mubi.

Gadonsa na kusa da taga. Na zauna ina kallon na'urar da aka jona masa, babur na wucewa lambobin su haura, ya yi nisa su sauko. Na nuna wa likita, ya tsaya ya gani da idonsa, ya sa aka mai da shi ɗakin ciki. Da nake ninke rigarsa na tarar da takardar nan a aljihu, har ta yi laushi don nunawa. Na so in yaga ta, na kasa.

Yau bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. An kai shi da la'asar.

Gobe za mu koma Muchalla zaman makoki. Ina cikin baƙin ciki, Hamma, ka zo da wuri. Kada ka wahalar da kanka da takawa daga kasuwa, ka bari mai babur ya kawo ka har ƙofar gida.

Taka,
Juwairiya