Yatsan Bunsuru

Litinin, 2 Maris 1931
Na fara aiki a gidan majigin zane, hawa na shida, New York. Gwaji ne, in ban iya ba sai shagon wankin Goggo Wanda. Aikina bin zanen da maza suka yi da tawada a kan leda mai haske kamar gilashi. Bunsuru ne mai wando. Shi kaɗai nake ta zanawa tun safe. Na tambayi Dolores ta kusa da ni, ɗaya bai isa ba? Har ta ƙware don dariya.

Laraba, 4 Maris
Mista Morti mai zanen bunsurun yana ta yi wa madubi gwalo. Babban mutum da gashin baki! Ba wanda ya ce masa komai.

Alhamis, 5 Maris
Na lura ya manta yatsa ɗaya, huɗu yake yi wa bunsurun a hannu. Ban so ya ji kunya. Na ƙara na biyar a duk ledojina, shiru.

Talata, 10 Maris
An haska mana zanen a majigi a ɗakin duhu. Ashe bunsurun tafiya yake yi! Na miƙe tsaye, Dolores ta jawo rigata. Sai ga yatsa yana fitowa yana ɓacewa kamar tsutsa. Madam Feldman shugabarmu ta kunna fitila.
"Wace mai tausayi ce ta yi wa bunsuru kyautar yatsa?"
Na ɗaga hannu. Ashe da gangan ne, huɗu ya fi saurin zanawa. Mista Morti ya ce, "'Yar ƙauye, gobe ki ƙara masa mata da 'ya'ya."
Ni na wanke ledojin duka. Hannuna har yanzu warin magani.

Juma'a, 13 Maris
Ba a kore ni ba. Madam ta ce layina ba ya rawa. Dolores ta raba mini burodinta da kifi.

Lahadi, 22 Maris
Goggo ta ce mai gugarta ta tafi, in dawo gobe, aikin manya ya fi zanen akuya. Na ce zan yi tunani. Gaskiya take faɗa, shirme ne. Sai dai jiya na tashi daga aiki bunsurun ya faɗo daga rufin bene, bai kai ƙasa ba tukuna. Ba dai na bar shi a sama ba.