Akwatin da Aka Kawo Mana Ba Naka Ba Ne, Yaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana Ado, wanda ke kwance a ƙasar da ba mu taɓa taka ta ba. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, na ɗauki biro ne saboda abin da ya dame ni tun ranar Laraba, kuma kai kaɗai za ka gane shi.

Za su ƙara tura sojoji yaƙin ƙasar waje, Yaya. A rediyon mai kayan miya na ji, nan bakin titin Gyadi-Gyadi, wani babban mutum yana ta kumfar baki wai martabar ƙasa ce. Tir! Sai da na tofar da yawu a kwata. Kuma Halifa yana cikin waɗanda za a ɗiba. Halifanka, wanda ka bari a cikin Rabi, aka sa masa sunanka ranar suna mata suna kuka maimakon guɗa.

Ka tuna ranar da ka tafi naka yaƙin? Inna ta wuni tana dakan dambun nama, ta cika maka gwangwanin madara da yaji, ta ɗaure bakinsa da leda. Ni kuma ina tsokanarka wai ina suka samo takalmin da ya shiga wannan shirgegiyar ƙafar taka. Ka dungure min kai, ka ce, "Wata shida ne kacal, Binta."

Ba a kawo mana gawarka ba. Mutum biyu ne suka zo cikin kaki, suka sauke akwatin ƙarfe a zaure, suka ce mu yi haƙuri. Aka yi maka salla a ƙofar gida, ba makara, ba likkafani, liman yana fuskantar ƙasa fayau. Rabi ta shiga takaba ba ta ga ko hularka ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta ce a buɗe akwatin, ko ta ji ƙamshin rigarka. Takalmin da ke sama ko ni zai yi wa daidai. Ƙarƙashinsa ga sarƙa mai kuros, ga hoton wata mata da 'yan mata biyu, an yi rubutu a bayansa. Na kai wa Maman Ngozi mai garin kwaki a Unguwa Uku ta karanta min. Ta ce yarensu ne, matar tana roƙon mijinta ya dawo da wuri, ba suna, ba gari. Muka zauna kan bencinta muna kuka, masu sayen gari suna kallonmu.

Baffa Sule ya ɗora akwatin a bayan babur ya mayar wa sojoji. Yau a ce masa gobe, gobe a ce mai kula da wajen ba ya nan. A zuwa na ƙarshe wani ya dube shi ya ce, "Malam, ku riƙe kawai, ai duk ɗaya ne."

Duk ɗaya ne! Wallahi, Yaya, har yau ban manta kalmar nan ba. Ke nan a can wani gari wata baiwar Allah ta buɗe nata akwatin ta tarar da carbi da gwangwanin yaji, ita ma aka ce mata duk ɗaya ne. Inna kuwa duk shekara sai ta fito da kayan mutumin nan ta wanke, ta shanya, ta ninke. Abin da take cewa ɗaya ne: "Shi ma ɗan wata ne." Tun da ta rasu akwatin yana ƙarƙashin gadona, ba wanda ya zo nemansa.

To, mutanen da ba su iya bambance mamacin wani gida da na wani gida ba, su ne yau suke neman ƙarin 'ya'yan mutane. Ko kunya babu. Ba na ƙin aikin soja, Allah Ya sani, ranar da Halifa ya fara sa kaki har shinkafa na dafa na raba. Amma masu adaidaitan da ke kwana a shagunan layinmu, da yawansu 'yan bindiga ne suka koro su daga gonakinsu. Nan gida an rasa mai tsare su, sai can ƙetare ne muke da jinin kyauta? A ce min ɗan wanne daga cikin masu surutun rediyon ne zai hau jirgin.

Shekaranjiya Halifa ya zo yi min sallama a shagon ɗinkina, da jakarsa a kafaɗa. Tsayinka, tafiyarka, har ƙafar. Ya roƙe ni in yi masa dambu irin na Inna, wanda yake jin labari. Sannan ya ce, "Wata shida ne kacal, Gwaggo."

Na ce ya juye jakar. Na zare jan zare na ɗinke sunansa da na Rabi da sunan unguwarmu a wuyan kowace singileti, a ƙugun kowane wando, har cikin safa. Yana dariya, wai ai kowane soja yana da lamba. Ban ce masa kai ma, Yaya, da lambarka ka tafi ba. Na yi masa dambun, na ɗaure bakin gwangwanin da leda yadda Inna ta yi.

Ya Allah Ka jiƙan Ado, Ka jiƙan mai sarƙar da kayansa ke ɗakina da irin rahamar da Ka ga dama, Ka karya wannan shawara tun kafin jirgi ya tashi. In kuwa sai an tafi, Ka sa ɗinkin nan nawa ya zama wahalar banza, Halifa ya dawo da ƙafarsa ya warware zaren da hannunsa. Amin.

Yaya, akwati ɗaya ya ishi gida ɗaya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Binta tela, Gyadi-Gyadi